Maganin Sanƙo a Gidan Baba Irimiya

Maitumbi, Minna
Yuni, 1985

Zuwa ga amaryata, Kaka Azumi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da gwiwar nan taki mai kuka kamar ƙyaure. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kin ce ba zan daɗe a wurin aiki ba, to ga ni daram a gidan Baba Irimiya, tsohon ma'aikacin reluwe. Aikina kula da shukar da marigayiya matarsa ta bari a gindin mangwaro: wata gwazar ado ce mai baƙin ganye, yana sheƙi kamar bugaggen shuni. Ba ta son rana, sai inuwa da laima da ruɓaɓɓen ganye. Tsohon ya ce ranar da shukar ta mutu, ranar zan naɗe tabarmata.

Sai dai bakina ya ɗan ja mini. Sheshi mai wanki ya tambaye ni amfaninta, na dubi kansa yana walƙiya, na ce maganin sanƙo ce. Ya goga, kai ya kama ƙaiƙayi, ya ce ai gashi ne ke motsi. Yanzu duk mai sanƙo a unguwa ya san hanyar dangarmu. Ganye ya kusa ƙarewa, Baba ko abinci ba ya ci sosai. Kada ki damu, ni na ƙulla, ni zan kwance.

Angonki,
Ladan

Maitumbi, Minna
Agusta, 1985

Kakata ta kaina,

Ina gaisuwa, yaya damina, yaya jiki?

Wanzami na samu ya yi mini ƙwal-kwabo, har gira. Na je teburin mai shayi na cire hula, ina salati, na ce ni ma gwada ganyen na yi don suma ta ƙaru, ga abin da na tashi da shi. Masu ɗan sauran gashi a ƙeya suka watse da gudu neman sabulu. Tun ranar ba wanda ya sake leƙa dangar.

Saiwar kuwa da ranta. Na raba ta, na ƙara mata taki, ga toho nan baƙi wuluk yana fitowa a naɗe.

Ashe Baba ya san komai. Bai kore ni ba, amma ya ce ba ni ba tara suma sai ganye ya rufe ƙasa yadda matarsa ta bar shi. Da kansa yake raka ni wurin wanzami, yana tafe yana dariya.

Ki aiko mini da hula mai zurfi. 'Yan matan garinmu kuwa in sun tambaye ni, ki ce na yi tafiya.

Ki huta lafiya.
Naki har kullum,
Ladan