Hannun Ɗayyabu da Lissafin Kwamitinku

Sharaɗa, Kano.

Zuwa ga ƙanina Dakta Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, har yanzu ba ta yarda kai likitan ƙwaƙwalwa ne ba, tunda ka kasa warkar mata da gwiwa. Hafsat ta sauka, an samu mace.

Matarka Khadijat ta gaya mini a waya cewa kwamitin jami'arku ya hana ka kujerar farfesa, wai masana ba su cika ambaton bincikenka a rubuce-rubucensu ba, musamman wanda ka yi a kan ciwon jijiyoyin ma'aikatan masana'antun Kano, da mutum bakwai kacal suka ambata. Ta ce ka yi fushi, za ka bar wannan fanni ka koma wanda ake tafa wa, har ka soke zuwan da ka shirya don duba ma'aikatan Chalawa da Bompai. To zauna ka ji, don ni ma a fusace nake, kuma na riga ka iya fushi.

Ɗana Ɗayyabu, wanda kai ma ɗanka ne, ya yi ciwo tun bayan sallah, na ɓoye maka ne don kana fama da naka. Ka san a kamfanin takalma yake, wajen shafa gam. Da farko silifa ke zame masa a hanya bai sani ba. Daga nan cokali ya fara faɗuwa daga hannunsa, har ya kai ga ni nake ɓalla masa maɓallin riga, gardi mai gemu. Dangin ubansa suka ce sammu ne, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. A asibiti aka auna suga, babu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai Allah ya haɗa mu da wata yarinyar likita, Dakta Salama, 'yar Filato. Da ta ji inda yake aiki, sai ta tambaye shi da me yake wanke hannu kafin alwala. Na kusa ce mata ina ruwan biri da gada. Ɗayyabu ya ce ai gam yana hana ruwa taɓa fata, alwala ba ta yi, shi ya sa kafin azahar da la'asar suke tsoma hannu har gwiwa cikin sinadarin nan da suke kira tina, su dirje. Ta ce ga ɓarawon nan: suna shaƙa wuni guda a ɗaki marar taga, sannan su yi wanka da shi saboda tsoron Allah. Na tambaye ta ina ta samo wannan tambaya, ita da ba ta alwala. Ta ce a binciken wani likita ɗan Kano ta karanta, ta nuna mini a wayarta. Abdulbaƙi, sunanka na gani, da na Baba a bayansa. Ni da nake karanta ko takardar ƙunshin ƙosai, ban taɓa buɗe naka ba. Na yi kuka a gaban yarinyar nan, ban ji kunya ba.

Washegari na tafi kamfanin. Manaja ya ce ba a shiga sai da izini, na ce jijiyar ɗana ma ba da izini aka cinye ta ba. Yanzu an fasa bango an yi tagogi, an kawo safar hannu, limamin masallacinsu kuma ya yi musu bayani, sun koma man gyaɗa da sabulu. Amma abokan aikinsa Nuhu da Ɗanladi sun fara jan ƙafa, kuma Allah kaɗai ya san nawa ne irinsu a Chalawa.

Dakta Salama ba ta rubuta maƙala, layin marasa lafiya take fama da shi, don haka ba za ta taɓa shiga lissafin kwamitinku ba. Ban raina musu ilimi ba, amma wanda bai taɓa kankare gam don sallah ba, me zai ambata? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na gode maka, ƙanina, godiyar da ban san inda zan ajiye ta ba. Amma in ka soke zuwan nan, kada ka kira ni Yaya. Na riga na ce wa matar Nuhu kana tafe.

Ka gaida Khadijat, kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ka shafa mini kan Sadiƙ da Binta. Inna da Malam Labaran suna gaisuwa.

Yayarka,
Badi'a

Layin da ke ƙasa, mai kama da tafiyar kaza, Ɗayyabu ne ya rubuta da hannunsa. Kai wa kwamitin su ƙirga.

Kawu, na gode. Yau ni na ɓalla rigata.