Muryar da na gane a hanyar Bonkuku

Assalamu alaikum, Inna.

Gaisuwa da girmamawa daga ɗiyarki Hawwa. Ko da kina raye ba ki karatu, balle yanzu da ƙasa ta rufe ki. Amma akwai maganar da ba ni iya faɗa wa kowa a nan, ke kaɗai kika rage mini. Sunan garinmu ba zan rubuta ba, kin san shi.

Kin bar garin shiru, kuma kina son shirun. Kikan ce a nan ko akuya ta yi atishawa sai maigari ya ji. Shirun yanzu wani iri ne, Inna. Injin niƙa ya tsaya. Mushe, malamin boko, ya rufe lakwal, makarantar yara, ya koma Filinge. Tun da sojoji suka hana hawan moto, wato babur, duk ƙarar da ta taso daga nesa ko tasu ce, ko ta mutanen daji masu bindiga. Muna cikin daka sai mace guda ta tsai da taɓarya, mu duka mu kasa kunne.

Aikinki na ungozoma ni aka ɗora wa, ba don na iya kamar ki ba.

Bayan girbin hatsi naƙuda ta kama Zainabu, matar autanki Idi. Tun safe har rana ta take, ɗan ya kwanta a gicciye. Na yi duk abin da na ga kina yi, bai juya ba. Na ce sai likita a Bonkuku. Idi ya miƙe, na hana shi, don samari ake ɗauka a hanya. Kawu Mamman, da tsufansa, shi ya ɗaura wa jaki amalanke.

Mun wuce gonakin gari, mun shiga wurin itatuwan gawon nan da kike hutawa ranar kasuwa, sai na ji moto. Kawu bai waiwaya ba, bakinsa kawai ke motsi. Suka zagaye mu, fuskoki a naɗe da rawani. Ɗaya ya ɗaga zanen da na rufe Zainabu da bakin bindiga. Ta cije hannuna har jini. Wani ya fara kwance jakin.

Sai na ji murya daga baya: "Ku bar su. Ɗiyar ungozoma ce. Uwarta ta yanke mini cibi."

Inna, Sani ne, ɗan Hajo maƙwabciyarmu, wanda aka ce ya tafi ci-rani Libiya. Na gane shi, ya kuma ga na gane shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗora yatsa a kan rawanin, daidai bakinsa.

Mun isa. Likita ya fidda ɗan da rai, namiji, Zainabu ma ta tashi. An yi suna ba kiɗa, ba guɗa.

Tun ran nan ban faɗa wa kowa wanda na gani ba. Sojoji sun zo sun tara mu gindin tsamiya, suna tambaya ko akwai wanda ya san ɗan gari a cikin mutanen daji. Na sunkuyar da kai. In na faɗa, Sani ya san ƙofar gidanmu. In na yi shiru, wanda za su tare gobe a hanyar nan, da hannuna a ciki. Ke da me za ki yi, Innata? Ke ba ki taɓa jin tsoron ɗan da kika wanke ba.

Jiya a bakin rijiya Hajo ta matso kusa da ni. Ta rame ƙwarai. Ba ta dube ni ba, ta ce a hankali, "Hawwa, ran da kuka tafi Bonkuku, kun gamu da kowa?"

Na ce, "Ba kowa, Iya."

Ta ci gaba da jan guga. Can ta ce, "Ya yi ƙiba, ko ya rame?"

Na duƙa ina gyara gammo. Ta ɗaga mini tulu ta aza a kaina, ruwa ya zubo mini a wuya. Muka tako gida tare.

Allah shi jiƙan ki, Inna, shi haskaka kabarinki. Allah shi tsare jikanki da ubansa, shi maido da ƴaƴan mutane gida da hannu wofi, shi ba ni zuciya irin taki ko kaɗan ce.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hawwa