Igiya a Babban Yatsa

Dam, 4 ga Janairu

'Yata Durnaz,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya tarin Mahnur? Mu nan kalau muke, in ban da abin da kika jawo mini.

Kwalekwalen robar da kika aiko wa babanki daga Karachi ya iso, mai cin mutum ɗaya, ja kamar barkono. Shekara ashirin ina koyar da 'ya'yan mutane hankali, ashe tawa ce ta fi bukata. Mutumin da likita ya hana fita teku saboda ƙirjinsa, shi kika ba abin shiga tafki shi kaɗai, a watan da gorich, iskar hunturun nan, ke daskarar da yatsu?

Littafin bayanin da ya zo tare da kwalekwalen na karanta tas. Babanki ya hura murhun shayi da shi. Rigar hana nutsewa kuwa matashi ya mayar da ita, a kanta yake zama. Wai masuntan Dam za su ce Sakhidad ya tsufa har ya sa rigar yara. Ya ƙudundune cikin falmaran da mayafin ulu, ya ɗaura igiyar fatsa a babban yatsan ƙafarsa, yadda suke yi a manyan jiragen katako don kada su fito da hannu cikin sanyi. Na ce masa, "Malam, wancan jirgin ya fi raƙumi nauyi, wannan kuwa ni kaɗai nake ɗaga shi." Ya ce, "Malama, koma ajinki, kifi ba ya karatu."

Ki zo ki ɗauki kayanki.

Mahaifiyarki,
Mahganj

Dam, 19 ga Janairu

Durnaz,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Babanki na da rai, ki fara da godiya ga Allah.

Ranar Talata da hantsi wani ƙaton kifi ya kama fatsar, ya fizge shi ta ƙafa, kwalekwalen ya kife. Rigar da ya zauna a kai ta yi tafiyarta a saman ruwa, mayafin ya sha ruwa ya ja shi ƙasa. Matan da ke yankan ganyen raƙuma a bakin tafki ne suka jawo shi daga laka, leɓɓansa sun yi shuɗi. Kwana uku ina gasa masa ƙirji.

Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Kifin na nan a igiyar. Maza suka cika mana tsakar gida suna aunawa da kamu, maƙwabcinmu Yarjan na ihu, "Kai, Sakhidad, wa ya kama wani a cikinku?" Ba wanda ya gaishe da matan.

Na ɓoye filafilin da yake tuƙa kwalekwalen da shi. Ya sassaƙa wani da murfin akwatin littattafaina. A nan na gane ba zai bari ba.

Sai na farke rigar nan taki da aka tsamo daga tafki, na ciro sosonta, na ɗinke shi cikin falmaran ɗinsa, gaba da baya. Na gwada a randa da dutsen niƙa, bai nutse ba. Mayafin kuma na ba matar da ta fara kama wuyansa.

Yau ya fita sanye da falmaran ɗin, igiya a yatsa, yana shafa ciki yana gaya wa Yarjan jinya ta karɓe shi, har ƙiba ya yi. In kika faɗa masa, ni da ke ne.

Ki gaishe da yaran.

Mahaifiyarki da ba ta huce ba,
Mahganj