Ɗana Ya Daina Cin Shinkafar Ubansa

Malama Seo, don Allah ki taimake ni. Maigida lafiyarsa ƙalau, sai gwiwa. 'Yata da jikokina lafiya. Ni barci ne ya ƙi. Ɗana Byeong-ho ne ba lafiya, amma da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Bara likita ya ce yana da ciwon sukari, ya rage shinkafa. Da na je wurinsu a birni, na ga matarsa ta gasa masa yankan naman alade mai ƙashi, ta jera tumatir da tafarnuwa da cuku a kai, wai irin na Italiya ne. Ba ko ƙwayar shinkafa! Na ce, "Ke yarinya, yunwa za ki kashe min ɗa?" Ta yi dariya ta ce, "Mama, ki ɗanɗana tukun, sai ki yi faɗan." Na cinye, ban yi faɗan ba. Yanzu sukarin ya sauka, tumbin ya tafi, har dutse yake hawa. Da ya faɗa min a waya, zama na yi a ƙasa ina kukan daɗi.

Na ma koyi gashin. Ganyen ƙamshinsu babu a nan, na sa ganyen riɗinmu, ya yi daɗi.

Ga damuwar. Ubansa bai sani ba, yaron ya hana a faɗa. Uban kuwa manomin shinkafa ne tun tasowarsa. Duk bikin girbinmu na Chuseok, da hannunsa yake cika wa ɗansa kwano da sabuwar shinkafa, ya zauna yana kallo har ya cinye. In yaron ya ture kwanon, tsohon zai ce an raina guminsa. In ya cinye, ina tsoro. Don Allah ki amsa kafin jajibirin bikin.

Wata uwa daga garin Gimje

Amsar Malama Seo: Mama, rubutunki ya fita tsaf. Da farko ina taya ki murna: ɗanki na samun lafiya, kuma kin yi dace da suruka.

Tsoron ɗanki na ɗaga hankalin uba yana da dalili, amma ɓoyon nan ya isa haka. Wanda bai san da ciwo ba, raini kawai zai gani. Ki kira Byeong-ho yau, ki ce ya faɗa wa ubansa da bakinsa kafin ya zo, ya fara da cewa ya samu sauƙi. Ya kuma tambayi likitansa yawan shinkafar da zai iya ci, kada ni da ke mu yanke.

Ranar bikin, ki gasa naman don kowa, kada a ware ɗanki kamar majinyaci. Ki ba maigida garwashin ya kula. Sannan ki miƙa masa ƙaramin kwano ya zuba wa ɗansa da hannunsa. Shekarun nan duka, ba kwanon yake kallo ba, yaron yake kallo.

Allah ya ƙara lafiya, a yi biki lafiya. Ke kuma ki samu barci.