Ko Aji Biyu Suka Mayar Da Kai

Hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da nake kurɓa in zuciya ta ɗau zafi, tauraron da ya fi kowanne kusa da tagata, Doktana! Eh, na sani, gwajin jini kake karantawa ba likitanci ba, amma sunan ya riga ya bi bakina, sai haƙuri.

Assalamu alaikum. Ka ga abin da ka jawo ko? Ni da ko lambar waya ba na rubutawa a takarda, yau ga ni riƙe da biro, na jingina da madubin shagon Anti, man kitso duk ya ɓata gefen takardar. In ka ga rubutun ya karkace kar ka yi min dariya, babban yatsana ne ya iya rubutu a waya ba hannuna ba. To ya zan yi? Saƙonnina suna can jere a wayarka ba ka buɗe ko ɗaya ba. Ina kallonka kana hawa onlayin kana sauka kamar wata a cikin hadari, ka leƙo ka ɓuya. Rannan na ga alamar kana rubuto min, wallahi sakin kan da nake kitsawa na yi, na ƙura wa waya ido, zuciyata na dukan ƙirji kamar tsuntsun da aka rufe a ɗaki. Sai alamar ta ɓace. Matar ta juyo ta ce, “Baiwar Allah, kaina za ki kitsa ko wayar?” Na yi mata murmushi, na ci gaba da kitson.

Jiya ƙanwarka Auta ta zo shago, ta ja ni bayan labule inda muke wanke kai, ta faɗa min komai. Na san dai tun da hukuma ta rufe sashenku a tsohuwar makaranta ka nemi komawa sabuwar jami'a, ka kai musu takardar sakamakonka, muna ta murna aji huɗu za ka shiga, shekara ɗaya ta rage. Ashe sun bi kwasa-kwasanka ɗaya bayan ɗaya, sun karɓi na karatu, sun ƙi duk wanda ke da aikin ɗakin gwaji, wai a kan allo aka yi muku shi ba a kan na'ura ba. Wai aji biyu za ka koma. Ta ce ka ce ba za ka je ba, shagon tayoyin Yayanku za ka koma ka zauna. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce ka ce a gaya min kar in jira ka.

Kar in jira ka? Ni? Haba Dokta! Ka taɓa jin an aika wa ƙasa saƙo ta daina jiran ruwan sama? Ka taɓa ganin an ce wa kogi ya juya ya koma inda ya fito? Kuma duk faɗin duniyar nan ka rasa yadda za ka faɗa min sai ta bakin Auta, yarinyar da ko kallona ta kasa yi? Tun jiya abinci ya ƙi wucewa. Anti ta ce fuskata kamar an wanke ta an manta ba a shanya ba. Ko sitatus ban sa ba, har ƙawayena sun fara tambaya ko wayar ce aka sace.

Ka tuna ranar da ka zo ɗaukar Auta aka tsuge da ruwa, ka maƙale a shagon nan? Kana zaune a kujerar masu jira, wandonka ya jiƙe har gwiwa, na ce me ma kuke koya ne a makarantar taku. Ka ɗauki fensirin girar Anti ka zana min ƙwayar jini a jikin madubi. Na ce wannan ai maɓallin riga ne. Ka yi dariya har da riƙe ciki. A nan ka ba mu labarin madubin duba ƙwayoyin jini na makarantarku guda ɗaya tak, wanda ke kulle a kabad an lulluɓe shi da ƙyalle kamar jariri, ba a fito da shi sai masu duba makarantu za su zo. Malam ya zana a allo, ku kwafa a littafi, a ba ku maki. Muka yi ta ƙyaƙyatawa, Anti har da tafi. Wayyo ni! Ashe kukan yau muke tarawa. Ni dai a ranar ban ga ƙwayar jini ba, hannunka nake kallo, da yadda muryarka ke sauka a hankali kamar yayyafi a kan kwano. Kwana da kwanaki na hana a goge madubin shagon.

Kar ka ɗauka zaune nake ina kuka kawai. Ka san ni da shige-shige. Na kutsa wani gurup na ɗaliban da suka canja makaranta, ni da ko sakandare ban ƙarasa ba. Wani ya ce ’yar'uwa wane aji kike, na ce ajin masu tambaya. Na yi ta tambaya har admin ya ce in bar wa wasu fili. A can na ji cewa mutum yana iya rubuta musu ya ce a gwada shi a ɗakin gwaji, in ya iya sai a ƙirga masa kwas ɗin. Da gudu na faɗa wa Auta, ina jin kamar na tsinci zinare. Sai ta ce ai ka sani, tuni suka yi maka tayin haka. Ta ce cewa ka yi, “Me zan nuna musu? Ban taɓa kafa idona a kan madubin duba jinin ba.”

A nan, masoyina, na gane ba shekarun ne suka karya ka ba. Abin da ke cin ka shi ne ka san gaskiya suka faɗa. Kana jin duk wahalar nan, sammako, karatu a tsaye a cikin mota, idonka ja saboda kwafar zane, duk iska ce. Kana jin kunyar in kalle ka in ga ba ka iya ba. To saurare ni da kyau, sanyin raina. Kai ka kulle kabad ɗin? Kai ka ɓoye makullin? An ba ka allo ka karanta allo, kuma ka cinye shi tas, shi ya sa ma suka karɓi rabin. Ina abin kunya a nan?

Ni ma lokacin da na zo wurin Anti kaina a sama yake, na kalli bidiyon kitso ya fi a ƙirga, gani nake na fi kowa. Kitson farko da na yi, matar ba ta kai bakin titi ba ya warware. Anti ba ta zage ni ba, tsifa da wankin kai ta mayar da ni, na daɗe a can ina cika ina batsewa. Yau layi ake yi min. Kuma gashi ne fa, in ya lalace a tsefe a sake. Kai jinin mutane za a miƙo maka. Anti da ciwon sukarinta, duk wata sai an ɗebi nata. Wata rana na Mamana ne, wata rana, in Allah ya yarda, na ɗanmu. Kana so ka karɓa hannunka na rawa? Ni ba na so. Na fi son ka koma aji biyu ka fito idonka ya san abin da yake gani.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ka san Baba ya ce sai ka gama karatu a yi maganarmu, kuma shekara ɗaya muka faɗa masa. Ban jira ya ji a bakin wani ba. Da la'asar na same shi a tsakar gida ya kwance fanka yana gyara, na durƙusa na faɗa masa duka. Bai ɗago ba. Ya daɗe yana juya sukurudireba, sannan ya ce, “Shi ya aiko ki?” Na ce a'a. Ya ce, “To ba ki da magana. Ni ban ƙi mutum don an mayar da shi baya ba, amma ba na ba da ’yata ga wanda ke ɓuya a bayan ƙanwarsa. In yana ciki ya zo da bakinsa. In shiru na ji, zan gaya wa manyansa mun haƙura.” Bai ce eh ba, Dokta, bai kuma ce a'a ba. Ƙofar a buɗe take kaɗan, kamar tafin hannu, kuma ni kaɗai ba zan iya riƙe ta ba. Auta ta ce ƙarshen makon nan za a rufe rajista. Tsoro nake ji. Wallahi tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kada shirunka ya rufe ƙofofin nan biyu a tare.

Shekara uku ba wasa ba ce, ba zan yi maka ƙarya ba. Ƙawayena za su yi aure in je in yi musu kitso. Za a yi ta tambayata a gari, za a yi gulma, wata rana zan gaji in yi maka rashin kunya a waya. Amma zan jira. Bishiya ba ta barin wurinta don rani ya yi tsawo. Abin da ba zan iya ba shi ne in wuce ta gaban shagon Yaya in gan ka zaune a kan taya, idonka a mace, ka kau da kai kamar ba ka san ni ba. Wannan kam zai kashe ni a tsaye.

Don haka saƙon da ka aiko ban karɓa ba, ga shi nan na mayar maka. Ka je ka yi rajista, ka shiga cikin yaran nan ka zauna, in sun kira ka Baban aji ka amsa. Daga can ka wuce gidanmu. In ƙafarka ta yi nauyi a bakin ƙofa ka tsaya a nan, kar ka juya. Zan ji zuwanka, ni zan shiga in ce wa Baba ka iso.

Taka ce ni, yau da gobe da bayan gobe, har ranar da numfashi zai ƙare,

Mai kitsonka da ba ta saki in ta kama.