Ɗan Dutsen da ke Cikin Na'urar Hoton Ciki

Yaya Sani, assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zaman Kwatano, ya iyali? Mu nan Kaoje sai godiya.

Ran Laraba matata Hajara, da tsohon ciki, ta zame a fadamar shinkafa, cikinta ya kwana biyu bai motsa ba. Munka tafi Bagudo hoton ciki. Don tsoro na kasa kallon allon na'urar, sai na tambayi likita abin da yake goga mata. Ya ce ɗan dutse ne a cikin abin, in lantarki ya shige shi sai tsarinsa ya juya ya yi ta rawa, rawar ta fid da sauti, sautin ya shiga cikin mace ya dawo da hoto. Sannan ya nuna wani ɗigo yana bugawa, ya ce, "Malam, ɗago kai, ga zuciyar ɗanka."

A taya mu addu'a Allah ya sauke ta lafiya. A gai da yara.

Ƙanenka, Umaru.