Mutanen da Suka Tare Wuta

Litinin, 21 ga Agusta

Wutar daji ta wuce, gidanmu yana nan. Ranar da wayoyinmu suka yi kukan gargaɗi, hukuma ta ce kowa ya sauka bakin teku. Mijina Stamatis ya ce ba inda za shi. Ya hau tarakta ya yanka fili kewaye da ƙauye don wuta ta rasa abin ci, sauran maza suka bi shi da bokitai. Ni ina ɗaki da Inna, na toshe ƙofa da jiƙaƙƙen bargo. Ƙauyen da ke bayanmu sun bi umarni, sun dawo sun tarar da toka.

Asabar, 26 ga Agusta

Yanzu Stamatis ba ya biyan kuɗin kofi a shagon Thanasis, wai shi ya ceci ƙauye. Har tafiyarsa ta canza.

Lahadi, 10 ga Satumba

Ɗan yayyafi aka yi, amma rafin bayan gida ya sauko baƙi ƙirin. Na ɗaga kai na dubi dutse, babu itace ko ɗaya da zai riƙe ƙasa. Ɗakin Inna kuwa yana ƙasa, tagarsa na kallon rafin, ga ta ba ta iya taka ƙafa tun bara. Na gaya wa Stamatis. Ya ce, "Argyro, ke dai ba ki rasa abin tsoro."
Gaskiyarsa. Tsoro nake ji.

Talata, 26 ga Satumba

Wayoyi sun sake kuka. Ruwa mai yawa na zuwa, a bar bakin rafi. Na je sayen burodi na iske maza suna dariya. Thanasis ya ce, "Mu da muka tare wuta, ruwa ne zai kore mu? Ai wanka za mu yi!" Wani ya ce in ka fita 'yan sanda su tare hanya, ba ka dawowa sai gidanka ya zama tarihi. Duk suka juya suna kallon Stamatis. Na san ba inda za shi tun kafin ya buɗe baki.
Ya jera buhunan yashi a ƙofar Inna. Iyakarsu gwiwata.

Laraba, 27 ga Satumba

Bari in rubuta.
Da safe na roƙe shi ya ɗauki Inna zuwa coci a kan tudu. Ya ce, "So kike a ce ni na fara gudu?" Na ce uwata ce. Ya fita duba magudana.
Ni da maƙwabciyata Lemonia muka naɗe ta a ragar da muke tara zaitun, muka ciccibe ta. Inna tana ta faɗa: "Ku ajiye ni, 'yan nema, ni buhu ce?" Lemonia ta ce, "Yi shiru, Inna, buhu ya fi ki sauƙi."
Muna isa sai ƙara. Ba ruwa ba ne ma, laka ce da ƙonannun itatuwa, tana tafe da motar Thanasis a kai.
Ba a ga Stamatis ba.

Alhamis, 28 ga Satumba

An same shi a kan rufin gidan matsar man zaitun, da ransa. Na yi kuka har na ji kunya. Mun je gida tare. Laka ta cika ɗakin Inna har saman taga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wa ya san haka za ta yi?"


Lahadi, 8 ga Oktoba

Muna kwana a sama, gidan yana warin ruɓa. Yau da rana hadari ya haɗo ta kan dutse, waya ko motsi ba ta yi ba. Na kira Lemonia muka sa Inna a mota, na nufi gidan ƙanwata a birni. Wataƙila ma ba za a yi ruwan ba.
Sai da muka wuce maƙabarta na tuna ban gaya wa Stamatis ba. Na rage gudu kaɗan. Ban dai juya ba.